Daga Fensir Zuwa Bash: Yadda Ake Bin Zanen Hannu da Alƙalamin Bekta

Wata safiya cikin hunturu wata Hajiya ta shigo shagonmu da ke kusa da babbar kasuwar Maradi, riƙe da takarda guda da aka yago daga kaye, wato littafin rubutun ɗan lakwal. Zanen jar akuya ne a kanta, da fensir. Ɗanta ne ya zana, kuma maganar gaskiya yaron yana da hannu. Ta ce ƙungiyarsu ta mata masu kiwo tana son akuyar nan a wuri uku: a hatimi, a ƙirjin riga, da kuma a bash, wato babbar ledar da ake buga sanarwa a kanta, mai tsawon mita 3 da za su kafa ranar taro. Yaron shagona ya karɓa da rawar jiki, ya ɗauki hoton takardar da waya, ya ja shi a kwamfuta har ya cika mita 3. Da muka duba allo sai ga akuya kamar wadda aka gina da bulo, layukan kaye kuwa sun zama sanduna sun ratsa ta ciki da baya. Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, wagga ai ba akuyarmu ba ce." Na ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri zuwa gobe da la'asar."

Abin da muka yi tsakanin safiyar nan da la'asar ɗin gobe shi zan shimfiɗa a nan, daki-daki. Da manhajar zane ta Inkscape nake aiki, don kyauta ce, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta ba tare da gardama ba. Wanda ya saba da CorelDRAW ko Illustrator zai ga hanya ɗaya ce, madannai ne kawai suka bambanta.

Me ya fasa akuyar?

Hoton waya ko na sikana tarin ƙananan ɗigo ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel. Takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, idan aka ɗauke ta a ɗigo 300 kowane inci, tana ba da fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Iyakarta ke nan. Ka ja ta zuwa mita 3, ɗigon ba sa ƙaruwa, kumbura kawai suke yi.

Zanen bekta ba ya ajiye ɗigo, umarni yake ajiyewa: tashi daga nan, ka lanƙwasa kaza, ka sauka can. Duk girman da aka nema, kwamfuta sai ta sake lissafi ta ja layin sabo. Lissafin nan daga masana'antar motoci ya fito a Faransa. Paul de Casteljau ya yi aiki a kansa a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier na kamfanin Renault kuma ya yaɗa shi a shekarun 1960 wajen tsara jikin mota, shi ya sa sunansa ya bi irin wannan lanƙwasa har yau. Illustrator ta fito da shi ga masu zane a 1987, CorelDRAW a 1989, Inkscape kuma ta fara a 2003. Ba sai ka san lissafin ba, kamar yadda ɗan kabu-kabu ba sai ya san yadda aka ƙera inji ba kafin ya kai ka unguwar Zariya ko ta Mokoyo.

Mataki na 1: shigar da takarda cikin kwamfuta

In akwai sikana, shi ya fi. Goge gilashin da tsumma mai laushi tukuna, musamman lokacin hazo, don ƙurar Maradi tana shiga har inda ba a gayyace ta ba. Ɗigo 300 ya isa, a launin toka-toka, ba sai da kala ba.

In waya ce kawai a hannunka, shimfiɗa takardar a ƙasa mai lebur cikin inuwar rumfa da rana, inda haske ya wadata amma ba ya dukan takardar kai tsaye. Kada ka kunna fitilar waya, don fensir yana ƙyalli. Tsaya daidai bisa takardar, wayar a kwance kamar faranti, ka ɗan ja baya sannan ka zuƙo kaɗan. Idan ka matso da wayar dab da takarda, tsakiyar zane tana kumbura, gefuna su tsuke. Alamar ka ɗauka daidai ita ce gefunan takarda huɗu su fito a miƙe, na sama da na ƙasa tsawonsu ɗaya.

Wajen turawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, kada a tura a matsayin hoto. Hanyar hoto tana matse shi, siraran layukan fensir su narke.

Mataki na 2: shirya wurin aiki

Buɗe Inkscape, danna Ctrl+Shift+D, ka sa ma'auni a milimita, ka zaɓi girman shafi. Ni A4 nake bari ko da bash za a buga, tunda girma ba matsala ba ne daga baya. Shigo da hoton da Ctrl+I. Za ta tambaye ka ko a cusa hoton cikin fayil ko a bar shi a waje a riƙa kiransa. Zaɓi a cusa shi, don ranar da ka kwashe fayil a filash ka manta hoton, fanko za ka tarar.

Yanzu sai shimfiɗu, wato abin da allon Faransanci ke kira kalk. Ka ɗauka takardu ne masu shara-shara da aka jera bisa juna. Ctrl+Shift+L yana buɗe su. Yi uku: ta ƙasa ka sa mata suna "zane", ta tsakiya "launi", ta sama "tawada". Hoton ya zauna a ta ƙasa. Zaɓe shi, ka rage ƙarfinsa zuwa 40 cikin 100 a ɗan akwatin da ke ƙasan allo ta hagu, har ya dusashe amma kana ganinsa. Sannan ka danna ɗan kwaɗon da ke gefen shimfiɗar ka kulle ta. Wanda bai kulle ba, yana tsakiyar aiki zai ja hoton bisa kuskure, duk abin da ya bi a baya ya goce.

Ajiye fayil ɗin tun yanzu, kuma yatsanka ya saba da Ctrl+S kamar yadda ya saba da carbi. Na taɓa yin awa biyu a kan wani zanen rawani, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa. Ban ce komai ba, na tashi na je na sha shayi. Inkscape tana da ajiyar kai-da-kai a cikin saituna, Ctrl+Shift+P, ka duba ka tabbata a kunne take.

Tunatarwa ga masu madannan Faransanci, waɗanda suka fi yawa a nan: haruffan da zan ambata suna aiki yadda suke, amma lambobin layin sama sai an haɗa da Shift.

Mataki na 3: karanta zanen kafin ka taɓa shi

Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, nan ne kuma aikin yake. Mai fensir ba ya jan layi ɗaya. Bayan akuyar Hajiya layi huɗu ne a kan juna, yaron yana lalube har ya samu wanda ya yi masa. Kai mai tawada dole ka zaɓi guda, ko ka bi tsakaninsu. Kwafa ba ita ce aikinka ba, yanke hukunci ne.

Na kan buga hoton a takarda, in ɗauki jan bik in yi alama iri biyu. Gicciye a duk inda layi ya karye ya yi kusurwa: tsinin ƙaho, bakin kunne, inda kofato ya taɓa ƙasa. Ɗigo kuma a ƙololuwar kowace lanƙwasa, wato wurin da ya fi kowane tudu, ko ya fi kowane kwari, ko ya fi fita dama ko hagu. Waɗannan alamomi su ne inda gaɓoɓi za su zauna. A akuyar nan duka ban wuce alama sittin ba.

Ka kuma yanke shawarar abin da za ka zubar. Yaron ya zana gashi ɗaya-ɗaya a wuya da ciki. A hatimi mai faɗin santimita 4 wannan gashi zai cushe ya zama baƙin tabo. Jar akuyar Maradi ma gashinta gajere ne, kwance luf, don haka na bar ƴan tsinke uku a gemu da uku a wutsiya, sauran na yafe.

Mataki na 4: alƙalami, gaɓa da hannaye

Koma shimfiɗar "tawada", danna B. Wannan shi ne alƙalamin Bézier.

Kowane layin bekta kamar karan dawa yake, gaɓa-gaɓa. Idan ka danna maus sau ɗaya ka saki, ka kafa gaɓa mai kusurwa. Ka je wani wuri ka sake dannawa, miƙaƙƙen layi ya haɗa su. Idan kuwa ka danna ka riƙe ka ja, sai ka ga wasu siraran sanduna biyu sun fito daga gaɓar, ɗaya gaba ɗaya baya. Su nake kira hannaye. Ba sa fita a bugu, aikinsu juya layi. Ɗauki ɗanyar tsumagiya ka riƙe ta baki biyu: ka murɗa wuyan hannu, sai ta bi. Inda hannu ya fuskanta, nan layi ke nufa sa'ad da ya bar gaɓa. Tsawon hannun kuma shi ke nuna nisan da layi zai yi a wannan fuska kafin ya juya.

Abu huɗu nake nanata wa yaron shago har ya gaji da ji.

Na farko, ja hannu ta inda za ka, kada ka ja ta inda ka fito. In kana bin bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, kowane ja ya nufi wutsiya. Ka ja baya, layi ya murɗe ya yi zarge.

Na biyu, gaɓa a ƙololuwa, hannayenta kuma a kwance sak ko a tsaye sak. Riƙe Ctrl yayin ja yana tsare hannun a matakan digiri 15, don haka samun kwance ko tsaye ba wuya. Dalili shi ne a ƙololuwar tudu layi a kwance yake na ɗan lokaci kafin ya gangara, a ƙarshen fitarsa gefe kuma a tsaye yake. Ka sa gaɓa a nan, rabin aikin ya yi kansa. Cikakkiyar da'ira gaɓa huɗu kacal take buƙata: sama, ƙasa, dama, hagu. Idon akuya in ya ci gaɓa goma, ka san an yi ɓarna.

Na uku, tsawon hannu ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na layin da ke tsakanin gaɓa biyu. Hannu biyu su raba aikin tsakaninsu. In ɗaya ya yi tsawo har ya kusa taɓa gaɓa ta gaba, ɗayan kuma ya maƙale, lanƙwasar tana fitowa da ƙusumbi a gefe guda. Kada kuma hannayen biyu su gitta juna.

Na huɗu, wanda ya fi sauran: rage gaɓa. Sabon hannu yana jin tsoron lanƙwasa, sai ya riƙa danne-danne kusa da kusa, kamar mai kafa shinge. A allo yana ganin ya bi fensir daidai. Ranar da aka buga a bash sai layin ya fito da rawa-rawa, kowace gaɓa ta bar ɗan ƙulli. Bayan akuyar nan, daga gindin ƙaho zuwa gindin wutsiya, gaɓa biyar na sa ban da ta farawa: ɗaya a kwarin wuya, ɗaya a tudun kafaɗa, ɗaya a kwarin baya, ɗaya a tudun ƙugu, ɗaya a ƙarshe. Yaron shago da ya gwada nasa ya sa ashirin da bakwai. Na ƙirga.

Inda lanƙwasa ta zo ta karye, kamar tsinin kunne, riƙe Shift yayin da kake ja. Hannun gaba ne kawai zai motsa, na baya ya tsaya inda yake, kusurwa ta fito da kaifinta. In ka kafa gaɓa a inda bai dace ba, Backspace yana cire ta ƙarshe. Ka gama layi, danna Enter. In siffa ce rufaffiya, kamar ido, koma ka danna ɗan akwatin gaɓar farko.

Kada ka ce sai ka zagaye akuya duka da layi ɗaya. Yi kamar mai alƙalamin kara da ke ɗagawa ya sake tsoma tawada: baya layi guda, ciki guda, kowace ƙafa nata, kowane ƙaho nasa. Gajerun layuka sun fi sauƙin gyara, kuma za ka buƙaci rabuwarsu idan an zo maganar kauri.

Kada kuma ka tsaya gyara kana tsakiyar ja. Kafa gaɓoɓin a wurarensu ko da lanƙwasar ta ɗan kauce, ka wuce. Game da zuƙowa: matso daidai yadda za ka ga gaɓa uku ko huɗu a allo lokaci guda. Wanda ya zuƙo har yana ganin burbushin fensir zai bi kowace karkarwar hannun yaro yana zaton zane ce.

Mataki na 5: gyara

Danna N, ka taɓa layi, gaɓoɓinsa su bayyana. Za ka iya jan gaɓa, ko jan hannu, ko ma ka kama tsakiyar layin kansa ka tanƙwara shi, hannayen su bi. Wannan na ƙarshe ya fi sauri, amma ka duba hannayen bayan ka gama, don wani lokaci yana karkatar da waɗanda ka sha wahalar daidaitawa.

Gaɓa iri-iri ce. Shift+C yana mai da ita mai kusurwa, kowane hannu da ƴancinsa. Shift+S yana mai da ita mai santsi, hannaye biyu a layi ɗaya amma tsawonsu na iya bambanta. Shift+Y yana daidaita har tsawon. Mafi yawan aikina da mai santsi ne. Duk inda ka ga layi ya yi ɗan gwiwa alhali bai kamata ba, gaɓa mai kusurwa ce ta ɓuya a wurin, ka zaɓe ta ka danna Shift+S.

Danna layi sau biyu yana ƙara gaɓa. Delete yana cire ta, Inkscape kuma ta yi ƙoƙarin riƙe siffar yadda take. Ga wasan da nake yi da kowane layi: in cire gaɓa ɗaya in gani. In siffar ba ta canja ba, da ma zaman banza take yi. In ta lalace, Ctrl+Z. Baki biyu da ya kamata su haɗu, zaɓe su tare ka danna Shift+J. Don motsi ɗan ƙanƙani, riƙe Alt ka yi amfani da madannan kibiya.

Akwai Ctrl+L da ke rage gaɓoɓi da kansa. Yana da amfani ga layin da aka ja da hannu sake, amma ba ya tambayar wace kusurwa ce kake so, yana iya dasashe tsinin ƙaho. Sau ɗaya ya isa, in ma za ka taɓa shi.

Mataki na 6: kaurin layi

Zuwa nan kana da akuya, amma kamar ta waya, ko'ina kauri ɗaya. Dubi rubutun allo na malamin da ya iya alƙalami: harafi guda yana farawa da kauri, ya sirance, ya sake cika. Wannan shi ke sa rubutu ya yi rai, haka ma zane.

Buɗe Ctrl+Shift+F. A nan ake sa kauri, a kuma zaɓi bakin layi da mahaɗarsa su zama masu zagaye, wanda ya fi kama da tawada ta gaske. Hanya mafi sauƙi ita ce kauri hawa uku. A zane mai girman A4, na kan ba layin waje milimita 1.2, layukan ciki kamar na kafaɗa da cinya 0.7, ƙananan abubuwa kamar gemu da hanci 0.4. Lambobin ba wahayi ba ne, tazarar da ke tsakaninsu ce abin lura. Sannan ka ƙara kauri a inda inuwa take, ƙarƙashin ciki da ƙarƙashin haɓa, ka rage a bayan da rana ke duka. Ƙafafun da ke kusa da mai kallo su fi na nesa kauri. Da wannan kaɗai akuya ta tashi daga takarda.

In kana son layi guda ya yi kauri a tsakiya ya sirance a baki, hanya biyu ce. Kafin ka ja, a sandar saman alƙalami akwai wurin zaɓen siffa: mai kusurwa uku yana farawa da kauri ya ƙare da tsini, ya dace da gemu da gashin wutsiya, mai siffar ƙwai yana tsini baki biyu, ya dace da ninkin fata. Hanya ta biyu ita ce Power Stroke, cikin tasiran layi. Ka sa wa layi shi, ka danna N, za ka ga ƴan ɗigo masu launi a gefensa. Ka ja ɗigo waje layi ya kumbura a wurin, ka tura ciki ya tsuke. Ctrl da dannawa a kan ɗigo yana ƙara wani. A Illustrator, Shift+W ke yin wannan aiki. Shawarata, ɗigo biyu ko uku a layi sun wadatar. Fiye da haka sai layi ya koma kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai.

Inda layi biyu suka haɗu, kamar ƙafa da ciki, bari ɗaya ya ɗan shige cikin ɗayan. Ƙaramar kafa da ba ka gani a allo, a bash sai ta zama taga.

Mai son horar da hannu ya gwada dagi, irin wanda ake ɗinkawa a riga ko a zana a bangon gida. Yana da lanƙwasa, yana da tsini, yana da hawa da shiga ƙarƙashi. Zana kashi ɗaya da kyau, Ctrl+D ya ba ka kwafi, H ya juya shi dama da hagu, V ya juya shi sama da ƙasa, ka haɗa. A mahaɗar da zare ɗaya zai shige ƙarƙashin wani, ƙara gaɓa biyu a gefe da gefe, ka goge guntun da ke tsakaninsu.

Mataki na 7: launi

Sauka shimfiɗar "launi", ka kulle ta tawada. Da alƙalamin B ɗin nan, zagaye jikin akuya da rufaffiyar siffa, kana bin tsakiyar baƙin layi, ka ba ta ciko ja, ka cire mata layin gefe. Ba sai ka yi tsanaki sosai ba, tawadar da ke sama za ta rufe bakin. Wannan shigar launi ƙarƙashin baƙi tana da amfani wajen buga riga, don in allon launi ya ɗan goce daga na baƙi, farin tsaga ba zai bayyana ba. Akwai bokitin fenti a madannin U, yana da sauri, sai dai yakan bar siririn fari a gefe kuma ya tara gaɓoɓi.

Launi kaɗan ya fi. A bugun riga na serigirafi kowane launi allonsa daban, kuɗinsa daban. Akuyar Hajiya ja da baƙi kawai ta ci, hatimi kuwa baƙi zalla.

"Maigida, ba akwai wanda kwamfuta ke yi da kanta ba?"

Haka yaron shago ya tambaye ni da ya ga azahar ta yi muna kan ƙafa ta uku. Akwai. Shift+Alt+B yana buɗe shi, kuma injin da ke ciki, Potrace, wanda Peter Selinger ya rubuta, ba abin rainawa ba ne. In zane da baƙar tawada aka yi shi a farar takarda mai tsabta, aka ɗauka a ɗigo 600, yana fitowa da kyau cikin daƙiƙa kaɗan, ka ɗan motsa ma'aunin haske sama ko ƙasa da 0.45 har ya yi maka. Na bar shi ya gwada a kan takardar Hajiya. Ya samu layukan kaye, da dattin yatsa, da layin baya huɗu duka, da gaɓoɓi dubbai. Kuma abin da yake bayarwa a yadda aka saba gefunan tabo ne, kowane layi ya zama siffa mai baki biyu, ba za ka iya cewa a ƙara masa kauri ko a rage cikin sauƙi ba. Share wannan tarkace ya fi bin zanen da hannu cin lokaci. Ga sa hannu ko rubutun ajami da aka yi da tawada mai kyau, ina amfani da shi ba kunya. Ga fensir, a'a.

Mataki na 8: dubawa da miƙawa

Rufe idon shimfiɗar "zane" don hoton ya ɓace, ka kalli aikinka shi kaɗai. Daga nan fensir ba shi da sauran magana, in layi bai yi kyau ba a gyara shi ko da ya bi fensir daidai. Buɗe kwaɗon tawada da na launi, zaɓi komai da Ctrl+Alt+A, danna H. Ido ya saba da zane ta fuska ɗaya, da an juya sai karkata ta fito fili. A nan na ga ƙafar gaba ta fi ta baya tsawo. Sake danna H ya koma. Sannan ka sa allo a yanayin ƙwarangwal, cikin jerin zaɓin gani, inda kauri da launi ke ɓacewa sai siraran layuka. Duk wani guntun layi da ka manta, ko gaɓar da ta faɗi ita kaɗai, a nan ake kama su. Injin yankan sitika ba ya yafe irin waɗannan, duk abin da ya gani sai ya yanka.

Ajiye fayil na asali a SVG, wanda shi ne naka, ka bar layukansa yadda suke don gyaran gaba. Yi kwafi na biyu don masu bugu. A cikin kwafin, goge hoton fensir, zaɓi layuka ka danna Ctrl+Alt+C, su koma siffofi masu ciko. Waɗanda ka sa wa Power Stroke kuma Ctrl+Shift+C. Dalili: in an ƙara girman zane alhali ba a kunna maɓallin da ke sa kauri ya girma tare da shi ba, akuyar mita 3 za ta fito da layin milimita ɗaya. Bayan haka zaɓi baƙaƙen duka ka danna Ctrl da alamar tarawa, su narke su zama abu guda.

Rubutu ma haka. Sunan ƙungiyar Hajiya yana da ƙ da ɗ. Ba kowane salon rubutu ke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, kuma in kwamfutar mai bugu ba ta da irin naka, sai ta musanya da wani, haruffanmu su koma akwatuna ko su faɗi. Zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Shift+C ya zama zane. A CorelDRAW Ctrl+Q ne, a Illustrator Ctrl+Shift+O. Karanta shi sau biyu kafin nan, don bayan ya zama zane ba a gyara harafi.

Fitar da PDF don masu bugu, tunda kusan kowace manhaja tana buɗe shi. Fitar da PNG da Ctrl+Shift+E don a tura wa mai aiki ya gani a waya. Inkscape da launin allo take aiki, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, saboda haka jan da ke haska maka ido a allo yakan fito a dushe. Roƙi mai injin ya buga maka ɗan yanki kamar tafin hannu a kan bash ɗin kansa kafin a saki mita 3.

Gwaji na ƙarshe a firintar shago nake yinsa: in buga zanen a faɗin santimita 4, girman hatimi, in riƙe shi a nisan hannu. A na farko tsagar kofato ta toshe, tazarar da ke tsakanin ƙaho da kunne ma ta cike. Na koma fayil na asali, na buɗa tazarar, na cire tsinke ɗaya daga gemu, na yi wa hatimi nasa kwafin daban mai ƙarancin layuka. Hajiya ta zo bayan la'asar da ɗan nata, ya karɓi ƴar takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina gashin wuyan da ya zana.